Kanarin Baba da Jan Birin Maigatari

Shekarar da Inna ta rasu, babu ranar da ba na dambe da yaran unguwarmu a Gumel. Wata Alhamis Baba ya tafi da ni kasuwar Maigatari sayen yadi. Can na ga wani jan biri ɗaure da sarƙa, yana tsalle, yana yi wa mutane gwalo, har ya gartsa wa mai shi cizo a hannu. Ya burge ni ƙwarai.

Da la'asar muka dawo shagon ɗinkinsa. Kanarinsa na cikin kejin kara a bakin ƙofa, ɗan mitsitsi, yana ta rera kukansa.

Na ce, "Baba, mu sayar da wannan mu sayi biri. Shi ko faɗa bai iya ba."

Bai ɗago daga kan keken ɗinki ba. Ya tsinke zare da haƙori, sannan ya ce, "Auta, su biyun duk daga daji aka rabo su. Biri in ya tuna gida sai ya ciji na kusa da shi. Wannan kuwa in ya tuna, waƙa yake yi."

Ya ci gaba da taka keke, yana rera wata waƙa ƙasa-ƙasa. Sai na gane ta. Waƙar da Inna take yi ce in tana daka.

Yau shagon ya zama wurin cajin waya. Waƙar kuwa rabinta kawai na riƙe, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya sauran.