Gemun Auta

Mai kwalliya na cikin shafa wa Auta hoda a ɗakin shiri na gidan talabijin, sai Auta ta riƙe mata hannu.

"Ki bar min haɓa da duhu-duhunta. Gara mutane su gani da idonsu."

Mai kwalliya ta ce wayyo, Allah ya ba ki lafiya. Yaya, wadda ke zaune a lungu da jakar Auta a cinya, ta kau da kai kamar wadda ta tsinci ƙuda a abinci.

Auta mawaƙiya ce da muryarta ta shiga kowane gida. Yaya kuwa yayarta ce ciki ɗaya, kuma tun da aurenta ya mutu take zaune a gidan Auta. Ita ce guga, ita ce amsa waya, ita ce riƙon jaka. Ba ta cika magana ba, amma tun da Auta ta fara shelanta wa duniya cewa tana da ciwon nan da likitoci ke kira PCOS, Yaya ta daina cin abinci kwano ɗaya da ita.

Shirin na ranar kai tsaye ake watsa shi, kan sanannun mata masu fama da ciwon. Mai gabatarwa ta yi bayani a taƙaice: ciwo ne da ke rikita ƙwayayen haihuwa, ya hana al'ada zuwa kan lokaci, ya kawo ƙiba da ƙuraje da gashin fuska, wani lokaci ya jinkirta haihuwa.

Wata 'yar tsere ce ta fara, tana magana tana kallon takalmanta. Sai wata 'yar fim, wadda ta faɗi yadda aka daina ba ta matsayin amarya saboda ta yi jiki. Yaya na layin gaba cikin 'yan kallo, kanta a sunkuye.

Sai aka zo kan Auta.

Ta faɗi yadda take shiga banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ƙarar reza. Ta faɗi watannin da al'ada ta ɗauke mata, da gorin da ta sha a gidajen biki, ana taɓa mata ciki ana tambaya na wata nawa ne. Ta faɗi ranar da mutumin da take so ya tsinci reza a jakarta, ya ɗaga ta sama yana dariya, ya ce shi ba zai zauna da ɗan'uwansa namiji ba. Hawaye suka zubo mata daidai lokacin da kyamara ta matso.

Yaya ta yi tsaki a ranta. Ko mayya ba za ta zauna gaban duniya ta baje irin wannan ba, kamar gwanjo a bakin titi. Da Auta ta zo faɗin sunan maganin da likita ya rubuta, ta kasa furta shi daidai, ta karya shi gida biyu. Leɓunan Yaya suka motsa, suka gyara.

Sai Auta ta zaro wani kwali mai hotonta.

"Wannan shayin ne ya tashe ni. Ni na haɗa shi, don 'yan'uwana mata."

'Yar fim ta share ido, ta miƙa hannu ta karɓi kwalin. "Don Allah, in na fara sha, sai in ajiye maganin asibiti?"

"Ni dai na ajiye," in ji Auta. "Ga ni kuma."

Wata mata kusa da Yaya ta ɗaga waya ta ɗauki hoton kwalin. Ta bayanta ma ta ɗauka. Yaya ta damƙe hannun jakar.

Mai gabatarwa ta tambayi Auta wanda ya fi ƙuntata mata a wannan jarrabawa. Auta ta ja dogon numfashi.

"Yayata. Gaban baƙi take ce min Baba Mai Gemu. Amma na yafe, har gobe ni ke riƙe da ita. Ga ta can."

Fitila ta juyo. Ɗaki ya ɗauki tsaki da salati, matar da ke kusa da Yaya ta janye gyalenta kamar za a shafa mata wani abu.

"Baiwar Allah," in ji mai gabatarwa, "ko za ki taso ki nemi gafarar ƙanwarki?"

Yaya ta miƙe. Ta hau dandamalin a nutse, jakar na hannunta. Auta ta ware hannuwa, tana jiran runguma. Yaya ba ta karɓi makirufo ba. Ta buɗe jakar, ta ciro tsumman goge kwalliya, ta kama fuskar ƙanwarta kamar yadda take kama ta tana ƙarama in za ta wanke mata ido, ta goge haɓar da ƙarfi. Duhun ya biyo tsumman. Fatar ta fito sumul kamar ɓawon ƙwai.

"Yaya, rufa min asiri," in ji Auta ƙasa-ƙasa, ta manta makirufon da ke maƙale a rigarta.

Yaya ta karɓi kwalin daga hannun 'yar fim, ta ajiye a ƙasa. "Ki ci gaba da shan maganinki, ƙanwata. Auta ko ciwon kai bai taɓa kwantar da ita ba."

Sannan ta juya ta fuskanci kyamara, ta sauke mayafin da ta naɗe har ƙarƙashin leɓe, ta ɗaga haɓarta mai tsiron baƙin gashi da tabon reza.

"Ni ce Baba Mai Gemu," ta ce. "Ita ta raɗa min sunan."