Wurin da Ya Yi Tauri

"Danna mana, 'yar boko! Karatu ya cinye miki ƙarfi?" in ji mahaifiyata, ina gasa mata jiki da ƙunshin ganye mai zafi.

A ɗakin bincikenmu na birnin Chiang Mai, aikina shimfiɗa wa ƙwayoyin sankara gado. A kan mai laushi lamo suke yi. A kan mai tauri kuwa, ina danna su sai sinadarin kalsiyam ya haska cikinsu, su fara rarrafe.

Yatsana ya tsaya kan wani ƙullutu ƙarƙashin hammatar Mama. Na san taurin nan.

"Yauwa, nan," ta ce. "Tun damina nake murza shi, ya ƙi narkewa. Danna."

"Ƙunshin ya huce, Mama," na ce.

Yana ta tururi a hannuna.