Fenaretin da Sha'aban Bai Gani Ba

A filin ƙwallon jami'a da ke Edgbaston, ɗalibai ba sa zama in ana wasa, kuma Sha'aban ne shugaban masu ihun. Ramlat ta san haka sarai, amma ta ɗauko mahaifinta, Alhaji Gimba, takanas daga Manchester, ta zaunar da shi daidai bayan saurayin nata. Dattijon yana fama da ciwon gwiwa, ba ya iya tsayuwa. Rabin awa ba abin da ya gani sai bayan rigar Sha'aban.

Aka ba da fenareti.

"Samari, kai ba ka zama ne?" in ji Alhaji.

Sha'aban ya waiwayo da shirin musu, sai idonsa ya faɗa cikin na Ramlat. Gira kawai ta ɗaga masa. Nan take ya gane mahaifinta ne, ya juya wa fili baya, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni? A gafarce ni."

Fili ya kaure da sowa. Ko waiwaye bai yi ba.

"Ta shiga, ni na gani a madadinka," Alhaji ya ce. "Tashi. Ranar Asabar ka turo manyanka."

Ramlat ta ja mayafi ta rufe murmushinta. Da ma ta san mutuminta.