Sunan da Ke Ƙafar Gawar Lautoka

Tun da Unaisi ta zuge jakar gawar take dariya. Ta toshe baki da bayan hannu, abin ya ƙi tsayawa.

Shekara ashirin tana aiki a ɗakin binciken gawa na birnin Lautoka, Dakta Vinesh bai taɓa ganin haƙoranta a bakin aiki ba. Yau kuwa, ranar hutunta ma, ta faɗo da silifa wari da wari, ta riga kowa isa ga teburin.

Masunta ne suka tsamo mutumin da safe, ruwa ya riga ya cinye fuskar. Kofur Ilisoni ya sami walat a aljihun rigar, ya kwafe sunan da ke kan lasisin tuƙi a takarda, ya ɗaura a babban yatsan ƙafar gawar: Apakuki Tuisawau, shekara ashirin da shida.

"Kofur, walat ka kawo mana ko mutum?" in ji Unaisi, tana share hawaye. "Kenan in na sa hularka na zama ɗan sanda?"

"Yaya Una, yau da me kika karya kumallo?" in ji Kofur.

Ba ta kula shi ba. Ta ɗauko almakashi tana 'yar waƙar coci, ta datse takardar sunan, ta ɗaura lamba a madadinta. Ta ce babu sunan da zai hau wannan bawan Allah sai an gwada zanen yatsu da haƙora.

Likita ya ɓata rai. "Bisa wane dalili?"

"Dubi cikinsa, Dakta, sumul! Apakuki an yi masa tiyata a ciki, ɗinkin kamar layin dogon jirgin ɗaukar rake. Ga shi da tsawo, ƙofa ma sai ya sunkuya."

Likita ya buga waya aka karanto masa fayil ɗin asibiti. Haka ne, har tsawon. Unaisi ta lulluɓe gawar a hankali, ta ce da ita, "Yi haƙuri, kai ma za mu nemo naka." Sai dariyar ta sake kufce mata, har ta zauna a ƙasa.

Kofur ya share zufa. "Ni da yanzu zan nemi gidansu in kai wa uwarsa labari!"

"Huta da ƙona mai, Kofur," in ji ta. "Uwarsa ta riga ta duba da idonta. Wannan ba ɗana ba ne."