Jan Tauraron Kakan Oga

Ghali na cikin goge guntun fiffiken jirgin yaƙi a garejinsu da ke unguwar masana'antu ta Sanaiya, sai tinar fenti ta kwashe jan tauraron sojan Rasha da ke jiki tas. Kayan ogansa ne, Bature ɗan Finland, mai bugun ƙirji kullum cewa kakansa ne ya harbo wannan jirgi na Rasha.

Ga kuma wata shuɗiyar alama ta fito daga ƙarƙashi.

Oga ya shigo, ya tsura wa ƙarfen ido.

"Oga, kar ka kore ni. Wannan shuɗiyar kuma ta wace ƙasa ce?"

"Tamu ce, ta Finland."

Ghali ya janyo gwangwanin jan fenti.

"In mayar da tauraron yadda kaka ya fenta shi?"