Garin da Mura Ba Ta Kwana Uku

Tun da aka kafa dokar gwajin maganin mura, duk wanda ya kamu sai a ba shi kwalba marar suna, a maƙala masa wani maɓalli a wuyan riga mai sauraron yadda yake ji.

Inna Kande ta je asibitin unguwa karɓar wa mijinta kwalba ta biyu. Balaraba, ma'aikaciyar da ke bakin taga, ta duba allo.

"Inna, ai Malam Tanimu ya warke tun shekaranjiya."

"Wane Tanimun? Wanda na baro kwance, numfashinsa na fita da kyar?"

"Maɓallinsa ya koma kore. Maƙwabta sun zo dubiya, sun ce yaya jiki, ya ce da sauƙi."

"To me zai ce, 'yar nan? Ya yi wa Allah butulci a gaban mutane? Shin ma mene ne a kwalbar?"

"Ko mu ba a gaya mana ba. Wata magani ce, wata ruwan sukari. Duka dai suna aiki, haka allo ya nuna."

Kande ta waiwaya. Layi har bakin ƙofa, kowa na tari, maɓallin kowa kore.

Balaraba ta yi atishawa, idanunta jajur.

"Sannu," in ji Kande. "Yaya jikin?"

Balaraba ta dafe maɓallin wuyanta.

"Da sauƙi, Inna."

Maɓallin ya koma kore.