Sabuwar Firinta da Takardar Gona

Tsaya tukuna, kafin ka kira mai gyaran nan bari in ba ka wani misali, in ka ji sai ka yi abin da ka ga dama.

A wani gari an yi wani mai buga takardu, shagonsa na jikin katangar kotu. Shekara goma sha biyar yana aiki da kwamfuta guda, tsohuwa tukuf, in an kunna ta sai mutum ya gama karin kumallo kafin ta farka. Mutanen garin suna da wata ɗabi'a: in an yi cinikin gona, shaidu sun dangwala yatsa, mai unguwa ya buga hatimi, sai a kawo masa takardar ya ɗauki hotonta ya adana a kwamfutar. Dalili kuwa, takarda a ɗakin ƙasa ba ta da tabbas, in gara ba ta ci ba ruwa zai ci. To, ran wata Alhamis sai ga wani manomi hankali a tashe. Damina ta rusa masa ɗaki, takardar gonarsa ta zama kunu. 'Ya'yan mutumin da ya sayar masa kuma sun kai ƙara, sun ce ubansu aro ya ba shi, ba sayarwa ba. Uban ya rasu, shaidu biyun sun rasu, kowa ya san asalin gonar tasu ce, don haka shi da ya ce ya saya shi zai kawo hujja ranar Litinin. Gonar nan ita ke ci da mutum tara. Mai shago ya bincika, sai ga takardar a fuskar kwamfuta, da yatsu da hatimi, komai ras. Manomi ya ce a fitar masa. A nan fa aka yi ta. Tsohuwar firintar shagon tana aiki, illarta kawai tana jan wasu layuka biyu baƙaƙe daga sama har ƙasa, amma ana karanta rubutu sarai. Ga kuma sabuwa dal a kwali, jiya-jiya ya sayo ta, ko ledarta bai cire ba. Sai mai shago ya ce shi ba zai bari a kai aiki mai zane-zane gaban alƙali da sunan shagonsa ba, manomi ya dawo ranar Asabar a buga masa a sabuwa. Manomi bai san kan abin ba, ya yi godiya ya tafi.

Da ya haɗa sabuwar firinta, kwamfuta ta ƙi ta ƙememe. Ya cire waya ya mayar, ya kashe ya kunna, shiru kake ji. Ya kira mai gyara, mai gyara ya ce manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ta tsufa, ba ta san irin wannan firintar ba, sai an share ta gaba ɗaya an ɗora sabuwa, kuma duk abin da ke ciki zai tafi. Sau biyu mai gyara ya tambaye shi ko ya kwashe takardunsa, sau biyu ya ce ya kwashe, har da ɗaga filas, 'yar na'urar nan da ake kwafar takardun kwamfuta a ciki, yana nuna masa. Kuma ba ƙarya ya yi ba, a iya saninsa. Abin da ya yi shi ne, 'yan alamomin nan da ke jere a fuskar kwamfuta, waɗanda yake dannawa kullum takardu su buɗe, su ya ja ya zuba a filas. Bai san su nuni ne kawai ba, ainihin takardun suna can ciki wani wuri. Kamar mutum ne ya ciro ƙyauren rumbu ya kai gidan maƙwabci ajiya, ya ce ya kwashe hatsi. Haba! Aikin shekara goma sha biyar ya kwafu kafin ka ƙifta ido, ai ko wannan ya isa ya sa mutum ya tsargu. Amma shi daɗi ma ya ji, wai filas ɗin mai sauri ne. Aka share, aka ɗora sabuwar manhaja, firinta ta karɓa nan take. Takardar gwaji ta fito tas, har ya zaga da ita maƙwabta suna sa albarka.

Ranar Asabar manomi ya zo da sassafe, da 'yan ƙwan zabi a ƙwarya na godiya. Mai shago ya soka filas, ya danna, kwamfuta ta ce babu abin da ake nema. Ya danna na gaba, haka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, babu wanda ya buɗe. Ran Lahadi ya ɗauki kwamfutar a ka ya shiga mota zuwa birni, masana suka duba suka ce sabuwar manhajar ta hau kan tsohon wurin, abin da suka iya tsamowa 'yan katunan biki ne da jadawalin wata makaranta. Litinin manomi ya tsaya gaban alƙali hannu rabbana, ba takarda ba shaida. Magada suka rantse a kan abin da suka sani, aka ba su gona, geron da ke tsaye a ciki kuwa aka ce manomi ya girbe ya fita. Da ya fito daga kotu dole ta ƙofar shagon zai wuce. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Tsayawa ya yi ya dubi mai shago, ya ce, "Malam, da ka ba ni mai zanen nan." Ya sa kai ya wuce.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.